Mai ɗaura kwano

Ni ke ɗaura wa mutanen Tawa kwanon tele.
In hau soro da ƙusa a bakina,
in karkata shi gabas kaɗan, in ce wa na ƙasa: ya fito?
Shekara goma sha tara ina farautar sama,
abin da na kamo duka a falon wasu yake.

Habsu tana Kanada, damina ta biyu ke nan.
Gonar hanyar Kaita ce ta biya jirgi,
sanuwar uwarta ta cika sauran.
Karatun ruwa take, yadda ake gano shi ƙarƙashin dutse,
a ƙasar da ruwa ke saukowa fari fat
ya kwana a bakin ƙofa ya hana fita.

Bayan lisha na kamo tasharsu.
Majalisa ce, kujeru a jere fuska da fuska.
Wani dogo ya miƙe da takarda:
baƙi sun yi yawa, in ji shi,
haya ta hau, ɗakuna sun ƙare.
Wata mai furfura ta ce, to tsofaffinku fa,
wa zai juya su a gadon asibiti da tsakar dare?
Aka buga tebur, aka yi ihu.
Faransancinsu ta hanci yake fita, rabi nake tsinta,
amma ƙidaya ba ta da hanci:
a rage kaza, a bar kaza.
Na matso da kujera har gaban gilashi
ina neman ɗiyata a tsakanin lambobi.

Illa, autana, sai mutsu-mutsu yake.
Baba, ba ni minti biyar.
Wai fim ɗinsu na jiragen taurari zai dawo,
kyaftin ɗin da ya mutu ashe bai mutu ba,
duniya ta rabu biyu a kai,
shi da Tsahiru ɗan maƙwabta kwana uku ba sa magana.

Na ce, wannan shirme, ana zancen ƙwarai?
Ya ce, ai su ma suna da majalisa.
Akwai wasu da duniyarsu ta ƙone,
sun zo da jirgi guda, mai faci kamar babur ɗinka,
suna shawagi, suna roƙon wurin sauka,
manyan can suna gardama a buɗe ko a rufe.

Na ce, sun bar su?
Ya ce, nan aka tsaya, Baba.
Sai kashi na gaba.

Sai wuta ta ɗauke.

Muka hau soro da tabarma.
Kwanon yana nan, baki buɗe, yana sauraron abin da ba na ji.
Taurarin Adar sun zubo har kan itacen bedi,
babu wanda ya nemi takardarsu.

Wajen ƙarfe ɗaya waya ta yi ƙara.
Muryar Habsu, da mura a cikinta.
Ba ta ce komai ba kan majalisa.
Ta tambaya ko hatsi ya yi kai,
ta ce a gaya wa Illa ta ga hoton kyaftin ɗinsa
a tashar bas, tsawonsa ya fi ƙofar gidanmu.

Illa ya yi barci.
Na sake kunnawa, sau huɗu,
ina sauraron wurin da take jan numfashi.