Bayan Labule, Hawa Na Uku

A Osaka, unguwar Nipponbashi, hawa na uku,
sama da mai taliya, ƙasa da likitan haƙori,
nan nake aiki. Ni ce mai sauya waya.

Duk Laraba su biyu suke zuwa:
Tsuruta, tsohon direban jirgin ƙasa, hula a hannu,
da Okabe, da ya ƙarar da idonsa a gyaran agogo,
kowa da jakar hedifon ɗinsa
rungume kamar jinjirin da ba a raɗa wa suna ba.

Na Tsuruta bayansa raga ce ta ƙarfe,
sauti na shiga yana fita kamar iska a rumfa.
Ya ce, "Ɗaki ne mai taga.
Kana jin inda mai goge ya tsaya,
kana ƙirga taku nawa ne zuwa mai fiyano."
Na Okabe jan katako ne, rufe ruf,
ganga a cikinsa tana sauka har ƙahon zuci.
Ya ce, "Naka lami ne, abokina."
Tsuruta ya ce, "Naka rijiya ce, an zura mawaƙiya ciki."

Wannan duk somin taɓi ne. Rigimar tana kan tebur:
amfilifaya biyu, kafaɗa da kafaɗa.
Ɗaya mai kwalabe huɗu, sai ta sha ɗumi minti goma,
ta yi ja kamar garwashi, kafin ta buɗe baki.
Ɗaya baƙar akwati, sanyi ƙalau, ba ta san jira ba.
Tsuruta ɗan kwalba ne: "Tana shafa wa murya mai."
Okabe ya taɓe baki: "Kwalliya ce.
Abin da ke faifai shi za a ba ni, ko da ɗaci."

Ranar da ruwa ya hana kowa hawowa,
maigida Nabeshima ya ja labule ya rufe tebur.
Ya ce, "Yau kunne zai ba da shaida, ido ya huta.
Chizuru, ki riƙa sauyawa. Ko tari kada ki yi."

Na sa faifan. Mace ce, da babban goge a bayanta,
akwai inda take jan numfashi kafin baiti na biyu.
Zagayen farko Tsuruta ya lumshe ido:
"Kwalba. Ji numfashin nan, auduga."
Okabe ya yarda, ya ce ai kwalliyar ta yi yawa.
Na biyu Okabe ya bugi gwiwa:
"Ga tawa! Kowace tsirkiya da kaifinta."
Sau shida, suna rubutu, suna hararar juna.

Ni kuwa gumi ya jiƙa mini wuyan riga.
Kan wayar ya cije tun farko,
na ja, na murɗa, ya ƙi.
Duk shidan baƙar akwati ce ta yi magana.
Kwalaben suna ta ci da wuta
ba wanda suke yi wa waƙa.

Na ɗaga labule na faɗa.

Shiru, har muna jin injin likitan haƙori daga sama.
Okabe ya dubi takardarsa: sau uku ya zagi tasa.
Tsuruta ya dubi tasa: sau uku ya yabi ta abokin gaba.
Maigida ya shiga goge gilashin da ba ƙura.

Can Tsuruta ya gyara murya:
"Wayar nan da ta cije, ta jan ƙarfe ce ko ta azurfa?"
Okabe ya miƙe zumbur: "Tun ɗazu nake zarginta!"

Laraba mai zuwa, da wayoyi za su zo.

Da na kulle shago na ɗauki hedifon na gwaji,
wanda fatarsa ta fara saɓa,
na mai da allura kan numfashin matar.
Ta ja shi. Na ja nawa.
Sannan na kashe kwalaben,
na tsaya a duhu har jansu ya mutu.