Taswirar Kunci

A Garwa, bayan la'asar, na zauna
gaban na'urar Dakta Jebba.
Ta ce kar in motsa, kar in yi dariya.
Haske ya lashi fuskata sau uku.

Sai ga kuncina a gilashi, ya fi faifai faɗi:
jajayen zare sun rarrabu
kamar Binuwai idan rani ya tsotse shi
ya bar 'yan rassa cikin yashi.

Shekara tara ina shafa man kasuwa
don in yi fari.
Yau lissafi ya fito.

Babana masunci ne, ba ya jefa taru
sai ya karanci ruwa.
Ita ma haka: ta auna zurfin kowace jijiya,
wannan a sama take, waccan ta nutse,
wannan a bar ta sai sabon wata.

Ta rufe min idanu.
Ɗas, ɗas, kamar fantsamar mai daga kasko,
ɗan ƙauri, sannan ƙanƙara.

Na fito, kunci na raɗaɗi.
Mai babur ya ce, "Barira, sai gida?"
Na ce, "Gada tukuna.
Ina son in ga kogin."