Shafi Ɗaya Tak

Sha ɗaya na dare a Valparaíso,
jiragen ruwa na nishi can ƙasa a tasha,
ni ina saman tudu, a teburin kicin,
na ture kwanon miya, na buɗe kwamfutar yayata
mai harafi ɗaya da ba ya fita
sai an danne shi kamar mai taurin bashi.

Suna: Aníbal Quilodrán Soto.
Wannan bai ba ni wuya ba, kyauta na same shi.
Shekara sha tara. Lambar waya.
Imel ɗina na da, sunan karenmu ne da ya mutu,
sai na buɗe sabo mai kamala,
na tsaya a cikinsa kamar yaro a takalmin babansa.

Ilimi: shekara ta biyu, lissafin kuɗi.
Na sha ƙasa a jarrabawar Yuli,
amma takarda ba ta tambaya ba,
ni ma ban yi karambani ba.

Sai ga gurbin nan: ƙwarewar aiki.
Fari fat, farantin da aka suɗe.
Ɗan sandan rubutu yana ƙifta mini ido,
yana ƙiftawa, yana jira.
Otal na son mai hidimar teburi
Juma'a da Asabar, shida zuwa tsakar dare,
mai fara'a, mai juriya, wanda ya taɓa yi.
Wanda ya taɓa yi!
To, ta ina ake fara taɓawar?

Fresia ta fito shan ruwa,
ta leƙo ta kafaɗata, ta ja tsaki.
Ta ce, "Wa ke gyaran kifi a rumfar Mama a Caleta Portales
tun kansa bai kai sikeli ba?
Wa ke ba da canji da yatsu masu zogin gishiri,
bai taɓa cin peso ɗaya na kowa ba?
Ranar da baƙon nan ya cika kasuwa da ihu kan ƙaguwa,
wa ya lallaɓa shi har ya sayi biyu?"

Na ce, ai wannan ba aiki ba ne, gida ne.
Ta ce, "Tashin ƙarfe huɗu cikin sanyin Agusta,
je ka tambayi bayanka ko gida ne."
Ta kurɓi ruwanta, ta ja ƙofa.

Na fara juya rumfar zuwa yaren takarda.
Ihu ya zama kula da abokan ciniki.
Gwangwanin kuɗi ya zama riƙon amana.
Kwandon ƙanƙara ya zama juriya.
Kalmomi masu guga, ba ƙarni, ba ƙuda,
na karanta, da ƙyar na gane kaina.

Na rubuta cewa na ƙware a Turanci,
na dubi layin, layin ya dube ni,
na goge, na ce ina ji daidai gwargwado.
Mai shaida: Don Evaristo mai ƙanƙara,
in dai zai ɗaga waya.

Da safe na buga a shagon kwana,
shafi ɗaya tak, da ɗuminsa kamar burodi.
Na sauka matakala ɗari da sittin,
na biya ta rumfa don Mama ta gani.
Ta wanke hannu da lemon tsami har sau biyu,
ta riƙe ta gefe-gefe,
leɓenta na motsi, layi bayan layi,
ta tsaya a shekara takwas ɗin nan, ta daɗe.
Ba ta ce komai ba.
Ta ce in gyara wuyan rigata.

Sai a cikin bas na lura:
can a kusurwa, saman sunana,
ɓawon kifi ɗaya, ƙarami, yana sheƙi.
Na kai farce zan kankare.
Na mayar da hannuna aljihu.