Cokalin Ruwa

Shekara arba'in ina yankan cibi a Bajoga,
hannuna kan san jariri kafin uwarsa ta san shi.
Duk wanda ya faɗo, ruwa ne gaisuwar farko,
cokali biyu, sannan madarar akuya.
Dakashi kuwa, mai kaurin nan, mai ruwan ɗorawa,
tatsewa muke, mu zubar a gindin dalbejiya,
kwana uku, sai nono ya wanke ya yi fari.
In muna shakka, mu jefa tururuwa a ƙoƙo:
ta fito da rai, a ba yaro,
ta mutu, mu ce nonon ne mugu.
Haka na gani wurin Innata. Haka na yi.

Na cikina bakwai ne.
Uku suna kwance gabas da gari,
ba wanda ya ga damina biyu.
Na huɗun na sa masa Ajuji,
ko mutuwa ta raina shi ta wuce.
Ta kuwa wuce.

Bana matar Ajuji ta sauka,
a asibiti, ba a hannuna ba.
Tun da ciki Hansatu ke zuwa awo ran Laraba,
ta dawo da kati, da maganar Malama Rifkatu,
'yar Kaltungo, sa'ar autata,
mai 'yartsanar tsumma da take karawa a ƙirji
tana koya wa mata kamun nono,
mu da muka yaye tun ba ta zo duniya ba!
Wai wata shida nono zalla.
Wai dakashi ne rigakafin farko.
Wai ko ɗigon ruwa, in ji hukumar lafiya.
Na ce, hukumar ta taɓa yini nan da bazara?
Nan da kwanon rufi ke ƙara don zafi,
ƙadangare ma ya raɓi gindin randa?
Ta yi dariya, ta ce, “Adda, ruwan na cikin nonon.
In kin ji masa ƙishi, uwar za ki ba.”
Na ja tsaki a zuci.

Ran da ya kwana goma sha tara,
azahar ta gota, iska ta ɗauke.
Motocin siminti na nishi a hanyar Ashaka,
Hansatu ta ɓingire da barci a tabarma.
Yaron na motsa baki.
Na lallaɓa. Na ɗebo daga jarkar ɗan garuwa.
Na kawo cokalin har haɓarsa.

Sai haske ya faɗa cikin ruwan,
na ga ɗan gari-gari yana kwantawa a ƙasa.
Ban san me ya kawo mini Delu ba,
ta biyuna, mai wata huɗu,
da maɗigarta da ta lotsa kamar an danna da yatsa,
da zanen da na gaji da wankewa.
Ita ma da cokali na fara mata.

Hannuna, da bai taɓa rawa a kan cibi ba, ya yi rawa.

Na watsar. Na cika moɗa fal,
na taɓa ƙafar Hansatu.
“Tashi ki sha. Shanye duka.
Ɗanki ne ke jin ƙishi.”
Ta dube ni, ta dubi moɗar, ba ta ce komai ba.

Yanzu ni ke goya shi ran awo.
A rataye shi a sikeli yana wutsil-wutsil,
Rifkatu ta ɗiga biro a kati, layin na hawa tudu.
Ban iya karatun boko ba, amma bayana na karanta nauyi.

Ban ce ruwa ne ba. Ajali ba ya wuce ranarsa,
mai rayawa Ɗaya ne.
Sai dai dalbejiyar nan ta bayan ɗakina
ta fi duk na unguwa duhun ganye,
kuma bana na daina zama a inuwarta.