Sawu da Ƙafa

Na dawo Madunka da kwamfuta a kafaɗa,
na ce wa Kawu Modi: daga yau rumfarka ba ta da ƙyaure,
duniya za ta shigo.
Ya ce to. Bai ɗago ba. Basilla na cikin fata.

Dare bakwai ina ƙirga kalmomi
a ɗakin da fanka ke juya zafi kawai.
"Jakar fata": mutum dubu da ɗari huɗu a wata.
"Jaka mai arha": sun ninka haka.
"Takalmin Sakkwato": kaɗan, amma ba mai ja da ni.
Na ɗura su a kan shafi, na ɗura a ciki, na ɗura a gindi,
kamar mai cika buhun albasa,
har jimla ta ƙoshi ta kasa tafiya.

Gugul ya ɗaga mu.
Lamba ta ce an zo, ta ce an zo da yawa:
daƙiƙa tara, a fita,
irin leƙen wanda ya shiga gidan suna
ya tarar ba danginsa ba ne.
Wata biyu, jaka ɗaya muka sayar.
Ita ma aka maido.

Kawu ya ce, "Mi kaka biɗa cikin madubin ga?"
Na ce, abin da mutane ke so.
Ya ce, "Ga su nan, suna take ma ƙahwa."

Na rufe madubin. Na zauna a bakin rumfa,
ba don na yarda ba, don data ta ƙare.

Wata ungozoma ta zo daga Gwadabawa.
Ba ta tambayi kuɗi ba.
Ta kai jakar hanci tukuna,
ta ja maratayi kamar mai gwada igiyar guga,
ta ce, in ruwa ya taɓa jan nan,
zai sauka a farar rigata?
Wani ɗan jami'a ya auna cikinta da taƙi,
biyu da 'yan kai, ya girgiza kai, ya wuce.
Wani dattijo mai 'ya a Ikko ya ce,
waccan da na aika mata, a baranda take kwana.
Kafin la'asar na ƙirga hanci goma sha ɗaya.
Ban taɓa ganin hanci a jadawalina ba.

Da dare na kira wadda ta maido mana kaya.
Ta yi shiru, ta ce, jakar ba ta da laifi,
ofis ne mai sanyi, kuma ana rufe taga.

Sai na share rabin abin da na ɗura.
Na rubuta bagaruwa, na rubuta majema,
kwana nawa fata ke shan iska kafin ta bar warinta.
Na goga farin ƙyalle a kan ja mai jiƙe,
na ɗauki hoton ƙyallen, fari fat.
Na sa taƙin Kawu a bakin kowace jaka.

Sannan na koma ma'aunin kalmomi,
ga ta can ƙasa, inda na tsallake ta a dare na biyu:
"yadda ake cire warin jakar fata."
Mutum arba'in a wata.
Arba'in! Na raina su kamar canjin goro.
Tara daga cikinsu sun kira kafin watan ya mutu.

Kalma sawu ce, na yarda, tana nuna inda aka bi.
Amma sawu ba ya cewa ƙaya ce ta sa mai shi ɗingishi,
sai ka tarar da ƙafar.

Har yau ina ƙirga, in gari ya yi shiru.
Da safe ina bakin rumfa da biro.
Jiya Kawu ya leƙo ta kafaɗata,
zare a baki, ya ce,
"Madubin naka ya koyi shinshina?"