Ruwan Sama a Cikin Waya

A tsibirin Quehui, can kudancin Chile,
sabis ba ya shiga ajina.
Sai na taka har ƙarshen gadar katako
inda ake ɗaure kwale-kwale,
in ɗaga waya sama kamar mai haska hanya,
in jira layi ɗaya ya tsaya da ƙafarsa.

Ɗalibaina sha ɗaya ne,
daga mai giɓi zuwa mai tsiron gashin baki.
Aji ɗaya, murhu ɗaya,
jiƙaƙƙun safa a jere suna tururi.

Nibaldo ne ya kai ni gadar ran Talata.
Yaron da ke ƙirga tumakin kakarsa da wutsiyar ido,
ya san sa'ar da teku ke janye jiki,
amma in na rubuta ɗaya bisa uku a allo
sai ya dube ni kamar na zage shi.
Mako uku muna abu ɗaya.
Alli ya ƙare, haƙuri ya bi sawu.

Na rubuta a zauren malamai, yatsuna na rawar ɗari:
"Wa ya san yadda ake raba ɗaya gida uku
ba tare da yaro ya tsani kansa ba?"

Amsa ta cika kamar kasuwa.
Wani ya turo hoton fure.
Wani ya turo talla, takardu masu launi,
a biya, a buga a injin da ba mu da shi.
Wata ta nuna ajinta, kujeru kamar bakan gizo,
na tuna bangona da danshi ya zana wa taswira,
na ji na ƙanƙance.
Saura ƙiris in kashe.

Sai ga bidiyo mai girgiza, daƙiƙa arba'in,
daga Toconao, arewa, tsakiyar hamada.
Hannun wata Malama Hortensia kawai ake gani,
da zoben azurfa, da tabon jan biro.
Igiya ce a hannun. Ta ninka, ta ƙulla.
"Kada ki ce masa lissafi ne," in ji muryar,
"ce masa ya raba wa mutum uku, kada a yi faɗa."

Igiya!
Mu da muke tuntuɓe da ita a kowace ƙofa.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Da safe na aro ta jirgin babansa, mai ƙarnin kifi.
Ya ninka ta uku kafin in rufe baki,
ya yi mata ƙullin masunta,
ya ce, "Wannan? Ai kullum ne, Malama."
Na nuna allo.
Ya dubi igiya, ya dubi allo.
Bai ce uffan ba, kunnuwansa ne suka yi ja.

Na tura godiya. Ta ce, "To, biya ni.
Ran Litinin zan koyar da ruwan sama.
Yarana ba su taɓa jin ya kwana yana zuba ba.
A littafinsu ɗigo uku ne shuɗaye da laima."

Mu da ruwa ya ishe mu har wuya.
Na ce kowa ya yi tsit,
na ajiye waya ƙarƙashin kwano, minti huɗu.
Tarin Griselda ya shiga ciki,
da haushin kare,
da ɗigon bokitin da ke kusurwa.
Turawar ta ci min awa guda a gada,
iska na kokawa da laimata.

Ran Laraba hoto ya iso:
kawuna ashirin a kan tebur, idanu a rufe.
A ƙasa ta rubuta tambayar ƙaraminsu:
"Wa ke kashe shi in dare ya yi?"

Har yau ban san fuskarta ba, zoben na sani.
Na karanta wa aji tambayar, aka kwashe da dariya,
ban da Nibaldo, yana kallon taga.
Ya ce, "Ki gaya masa ba mai kashewa.
Ki ce in suna so za mu raba,
ɗaya bisa uku nasu ne."