Ƙugiya a Ɗakin Inna

Bazara ta kifu a kan Maraɗi kamar murfin tukunya.
Kwanon rufi na ƙara da tsakar rana,
ruwan randa ya yi ɗumi,
Inna kuwa, tun da ƙafarta ta kumbura,
ba ta iya jan tabarma zuwa gindin bedi.
Mafici biyu suka zube a hannunta cikin wata guda.

Na sayo fanka a babbar kasuwa,
jikka goma sha takwas, bayan ciniki har da rantsuwa,
na rungume kwalin a bayan kabu-kabu
har ƙofar gidanmu a Bagalam.

Barira, kafin ki taɓa tsani,
je ki kashe kuran daga kontar.
Ba makunnin bango ba, can daga tushe.
Ki faɗa wa kowa,
har Lawali sarkin cajin salula:
wanda ya ɗaga maɓallin nan
a kan ran wansa ya ɗaga shi.

Ta ce an kashe. Ban yarda ba.
Na ɗora bakin testa a jar waya, idonta bai kawo ba,
na ɗora a shuɗiya, shiru.
Wurin Baba na gaji wannan rashin yarda.
Yatsunsa biyu na dama sun ƙandare tun ina goye,
wata Laraba, a gidan wani mai shagon taya,
inda yaro ya leƙo ya ce masa an kashe.
Da su yake nuna mini abu har ya bar duniya.
Waya ba ta san mai gida ba, in ji shi,
ba ta kuma jin sallama.

Na goge gumin tafina a riga,
na sa takalmin roba, na hau.
Riƙe da hannu biyu, Barira, bar kallon ƙofa.

Falangen silin ba ya ɗaukar ko ƙwaryar hura.
Na huda shi, na lalubi ƙarfen da ke ɗauke da rufi,
can na ɗaure ƙugiya da noti biyu,
na ja, na sake ja,
sai ƙasar gara ta zubo mini a ido.
Inna daga gado ta ce:
ƙasan wurin nan nake salla, Mantau,
ka ɗaura kamar kai za ka kwana.

Sanda ta shiga ƙugiya, ƙusa ta ratsa ta,
sai 'yar filin nan mai baki biyu
wadda gaggawa ke mantawa a gindin kwali.
Na tura ta, na buɗe mata ƙafafu.
Ja da ja, shuɗi da shuɗi,
na murɗe, na naɗe da salatif
har ba tagullar da ke leƙe.
Fukafukai uku, kowane da sukurorinsa,
ɗauri ɗaya, kada wani ya fi wani
ta riƙa rawa tana kuka da dare.

Na sauko, na kira Lawali, shi ya fi mu tsawo.
Miƙa hannu sama. Bai kai ba. Madalla.

Barira ta ruga ta ɗaga maɓalli.
Muka ɗaga kai mu huɗu.
Ko motsi.
Daga bayan katanga maƙwabciya ta ce:
ai tun la'asar suka ɗauke.

Inna ta yi dariya har da tari,
ta laluba ƙarƙashin matashi, ta jawo tsohon maficinta.

Sai can wajen ƙarfe biyun dare
na ji kalandar bango tana kaɗawa.
Na leƙa da fitilar salula.
Ƙugiya ba ta ko girgiza,
bakin mayafin Inna na tashi yana sauka,
maficin ya faɗi ƙasa, kusa da buta,
ba wanda ya ɗauka.